Taurin kuloci da fizgar mota: Abin dubawa kafin a sauke giyabos

Duk direban da ke bin hanyar Mararaba zuwa Nyanya da sassafe, ya haura tudun Kugbo ya nufi AYA, ya san yadda cunkoso ke gwada ƙafar hagu. A irin wannan tafiya ta taku ɗaya, tsayawa ɗaya, mai motar giyar hannu yana taka kuloci ba adadi kafin ya shiga tsakiyar birnin Abuja. Idan kulocin ya yi tauri, ko motar na fizga duk lokacin da za ta tashi, wahalar ba ta tsaya ga ciwon gwiwa ba: mota na iya zabura ta daki ta gaba, ko ta mutu a kan tudu ta gangaro kan ta baya.

Tauri da fizga matsaloli ne daban, ko da yake sukan zo tare. Haɗa su wuri guda ne ke sa masu motoci da dama biyan kuɗin sauke giyabos alhali gyaran bai kai nan ba.

Aikin kuloci shi ne haɗa inji da giyabos, da kuma raba su. Akwai faifai mai fata a tsakanin filawil, wato babban ƙarfen da inji ke juyawa, da wani faranti mai sifirin da ke danne shi. Idan direba ya taka, farantin ya saki faifan. Idan ya ɗaga ƙafa, sai ya sake kama shi. Gwargwadon ƙarfin inji, gwargwadon ƙarfin sifirin da ake buƙata don kada faifan ya riƙa sulɓewa. Saboda haka motoci masu zafin gudu, irin su Golf GTI ko Subaru Impreza WRX, sukan fi ƙananan motocin gida nauyin kuloci tun daga masana'anta. Wanda ya saba da Corolla ya koma irin waɗannan zai ji bambanci, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Abin damuwa shi ne taurin da ke ƙaruwa a hankali a motar da mutum ya daɗe da sanin halinta.

A nan sai a fara da abu mafi araha. Motoci da yawa na shekarun 1990, ciki har da akasarin Golf 3 da har yanzu ake haya da su, da waya suke jan kuloci. Ƙurar hunturu da zafin inji kan busar da wayar a cikin kubenta, wani lokaci zarenta ya fara tsinkewa, sai takun ya yi tauri yana kakarewa. Sauya wayar ba ya buƙatar taɓa giyabos. Motocin da suka biyo baya kuwa da man birki suke aiki, ta famfo biyu, ɗaya kusa da abin takawa, ɗaya a jikin giyabos. Man birki na DOT 3 da DOT 4 yana zuƙar laima daga iska, shi ya sa kamfanoni da dama ke cewa a sauya shi duk shekara 2. Kaɗan ne ke yin hakan, domin an fi tuna baƙin mai. Tsohon mai, ko tiyon da ya kumbura ta ciki, na sa kuloci ya ƙi dawowa daidai. Har gindin abin takawar ma kan bushe ya nemi giris.

Sai an wanke waɗannan daga zargi ake shiga ciki. Idan fatar faifai ta cinye, zaman sifirin yakan sauya, takun ya ƙara nauyi. Gwajinsa mai sauƙi ne: a fili mara jama'a, a ja birkin hannu, a sa giya ta uku, a saki kuloci sannu a hankali. Idan inji ya mutu nan take, faifan na kamawa. Idan ya ci gaba da ruri, ya fara sulɓewa ke nan. Kada a yawaita gwajin, shi ma yana cin fata.

Fizga ta fi wuyar ganewa. Wadda ke zuwa da safiyar damina ta ɓace bayan tashi biyu ko uku, yawanci laima ce a kan faifai. Wadda ke nan kullum kuwa, a fara duba robobin da inji da giyabos ke zaune a kansu; idan sun tsage, inji na girgiza a lokacin tashi, a ɗora wa kuloci laifin da ba nasa ba. Bayan su sai yoyon mai daga bayan inji, wanda ke jiƙa faifan ya riƙa kamawa yana saki. Duk bakaniken da ya sa sabon faifai bai toshe yoyon ba, ya shirya wa mai motar dawowa ne. Akwai kuma fuskar filawil da zafi ya ƙona ta yi tabo-tabo. Motocin Turai da yawa na da filawil mai ɓangare biyu da sifirin a tsakani. Idan ya gaji, akan ji ƙarar ƙarfe yayin tayar da inji ko kashe shi, kuma ba a cika gyara shi ba, sauyawa ake yi.

Wani abin lura ga masu sayen motocin Kwatano shi ne, wasu na zuwa da kulocin tsere da mai motar na farko ya sa, mai guntayen fata huɗu ko shida maimakon cikakken zagaye. An yi shi ne don ya cafke nan take a filin tsere. A cunkoson hanyar Kubwa ko ta Lugbe azaba ce kawai, kuma maganinta komawa irin wanda masana'anta ta sa.

Halin tuƙi ma na da nasa kaso. Ɗora ƙafa a kan kuloci ana cikin tafiya, da riƙe mota a kan tudu da rabin kuloci, su ne ke ƙona faifai har a ji ƙauri. A tsayawar da ta wuce 'yan daƙiƙoƙi, a cire giya a taka birki. A kan tudu a yi amfani da birkin hannu, a ba da totur kaɗan, a ɗaga ƙafa zuwa inda motar ta fara ja, a dakata nan kaɗan kafin a saki gaba ɗaya.

Idan ta tabbata sai an sauke giyabos, a Apo ne ko a Zuba, gara a sauya faifai da faranti da boris ɗin da ke tura shi a lokaci guda, tun da kuɗin aikin ɗaya ne. Akwai sanannun kamfanoni irin su LuK da Sachs da Valeo da Exedy, amma akwai jabu a cikin kwalaye masu sunayensu, don haka a sayi kayan da lambar shasin motar, a karɓi rasit, a kuma nemi ganin tsofaffin kayan da aka cire. Bayan gyara, a yi kimanin kilomita 500 ana tashi a hankali kafin a fara matsa wa motar.