Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Hanyar Zuwa Tsibirin Firinsife

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar Afirka ya dubi tekun da ke kudu da Fatakwal zai ga waɗansu 'yan ɗigo guda biyu a tsakiyar ruwa. Waɗannan su ne tsibiran Sawo Tome da Firinsife, ƙasa guda wadda ta sami mulkin kanta daga Turawan Fotugal ran 12 ga watan Yuli, 1975. Firinsife shi ne ƙaramin, kuma shi ne ya fi kusa da Nijeriya. Tsakaninsa da Fatakwal bai kai kilomita 400 ba, har ma ya fi Kano kusa da Ikko. Amma fa hangen Dala ba shiga birni ba ne, domin mai niyyar zuwa hutawa can yana iya shafe kwana biyu a hanya, alhali kuwa wanda ya tashi daga Ikko zuwa London cikin sa'a bakwai ya sauka.

Dalilin wannan wahala a tarihi yake. Turawan Fotugal sun riƙe tsibiran nan kusan shekara 500, saboda haka hanyoyin ciniki da na sufuri duk suka karkata zuwa Lisbon da Luwanda ta ƙasar Angola, inda ake jin harshensu. Har ila yau manyan jiragen da ke sauka Sawo Tome galibi daga can suke fitowa. Ɗan Nijeriya kuwa yakan fara zuwa Akra, ko Lome, ko Libirabil ta ƙasar Gabon, ya sake jirgi. Tun da yake ba kullum jiragen nan suke tashi ba, wanda ya kuskure nasa sai ya nemi masauki ya jira na gaba.

Abin mamaki shi ne filin jirgin saman Sawo Tome ba baƙo ba ne a tarihin Nijeriya. A zamanin yaƙin basasa, daga 1968 zuwa farkon 1970, daga nan ne jiragen ƙungiyoyin agaji na coci suke tashi da dare ɗauke da abinci da magunguna zuwa Uli, a yankin da ake kira Biyafara. A 2001 kuma ƙasashen biyu suka sa hannu a kan yarjejeniyar haƙar man fetur a ruwan da ke tsakaninsu, aka ba Nijeriya kashi 60 cikin ɗari, su kuma kashi 40. Duk da wannan dangantaka, zirga-zirgar jama'a ba ta bunƙasa ba.

Sauka Sawo Tome ba shi ne ƙarshen tafiya ba, domin akwai sauran kimanin kilomita 150 na teku kafin a kai Firinsife. Ƙaramin jirgi mai farfela ne yake wannan jigila, kuma ba ya cika sa'a guda a sama. Kujerunsa ba su da yawa, saboda haka wajibi ne a kama wuri tun da sauran lokaci. Ana auna kaya da tsanani, wanda ya zo da akwatuna kamar mai dawowa daga fatauci zai sha cajin ƙari, ko kuwa a bar masa wani a baya. In hadari ya rufe tsibirin, sai a fasa tashi. Don haka masu hankali sukan bar kwana ɗaya tsakanin dawowarsu daga Firinsife da tashin babban jirgin da zai mai da su gida.

Akwai jirgin ruwa, kuma ya fi arha, amma yana cin sa'o'i masu yawa, hanyar kuwa ba ta da tabbas. A watan Afrilu na 2019 wani jirgi da ya ɗauko fasinja da kaya daga Sawo Tome ya kife dab da Firinsife, aka yi hasarar rayuka.

To, mene ne ladan wannan wahala? Tun daga sama matafiyi zai hango kurmi kore shar da duwatsu masu tsini, wanda ya fi tsawo a cikinsu ya haura mita 900. Babban garin shi ne Santo Antoniyo, a bakin teku, kuma ƙidayar 2012 ta nuna mutanen tsibirin duka sun ɗan haura 7,000. A wannan shekara ce hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyaye itatuwa da namunsu. Aku yana yawo sake a cikin kurmi, kunkuran teku kuma suna fitowa da dare su saka ƙwai a cikin rairayi.

Akwai kuma tsofaffin gandayen koko. A farkon ƙarni na 20 tsibiran nan suna cikin waɗanda suka fi noman koko a duniya, da gumin leburorin da aka kwaso daga Angola da Mozambik da Kef Bade a kan ƙwadago mai kama da bauta. A ɗaya daga cikin gandayen, mai suna Sundi, masanin taurari na Ingila Arthur Eddington ya ɗauki hotunan husufin rana ran 29 ga Mayu, 1919, waɗanda suka gaskata maganar Albert Einstein cewa haske yana lanƙwasa idan ya gifta kusa da rana. Yanzu an gyara gidan mai gandun ya zama masaukin baƙi.

Mai shirin tafiya ya tanadi fasfo da katin allurar rigakafin shawara, ya kuma gama batun biza kafin ya bar gida. Kuɗin ƙasar sunansa dobra, kuma an ɗaura darajarsa da yuro, saboda haka yuro ne ya fi dacewa a riƙe a aljihu. Harshen gwamnati Fotugis ne. Agogonsu yana bayan na Nijeriya da sa'a guda. Yawancin mutanen Kirista ne, amma Musulmi ba zai rasa abin da zai ci ba, domin kifi da ayaba su ne cimarsu. Lokacin da ruwan sama ya fi ɗaukewa shi ne daga Yuni zuwa Satumba.

Wuyar hanya ita ce ta hana taron 'yan yawon shaƙatawa ɓata Firinsife, amma 'yan tsibirin ne suke biyan kuɗin wannan tsari. Kujerar da baƙo yake nema don hutawa, ita ce malami da ɗan makaranta da ɗan kasuwa suke jira, kuma idan ciwo ya yi tsanani, a cikin wannan ƙaramin jirgi ake ɗaukar majinyaci zuwa babban asibitin Sawo Tome. Baƙon da aka ce ya dakata sai gobe, ya tuna da wannan kafin ya ɗaga murya.