Tutar Ghana Mai Farin Tsakiya: Yadda Muka Sake Ɗinka Ta Bisa Awonta

Ka tambayi kowane yaro a zangon Kumasi launin tutar Ghana, kafin ka rufe baki zai ce maka ja, ruwan zinare, kore, da baƙin tauraro a tsakiya. Gaskiyarsa. Amma kaɗan ne cikin yaranmu, har ma da iyayensu, suka san an yi shekara biyu babu ruwan zinaren nan a jikinta. Daga 1964 zuwa 1966 fari ne a tsakiya.

Ita tuta ta asali wata malamar zane ce, Theodosia Okoh, ta tsara ta, aka ɗaga ta ranar 6 ga Maris 1957 da ƙasar ta karɓi 'yanci daga Ingila. Ja na jinin waɗanda suka mutu a gwagwarmaya, ruwan zinare na arzikin ma'adinai, kore na dazuka da gonaki, tauraro kuma na 'yancin Afirka. A Janairun 1964 Kwame Nkrumah ya shirya ƙuri'ar raba gardama da ta mai da Ghana ƙasa mai jam'iyya ɗaya, hukuma ta ce fiye da kashi 99 cikin 100 sun yarda. Sai aka sa fari a gurbin ruwan zinare, tuta ta koma ja, fari, kore, wato launukan jam'iyyarsa ta CPP. Ranar 24 ga Fabrairu 1966 sojoji da 'yan sanda suka kifar da shi yana kan tafiya zuwa Hanoi, ba a jima ba aka dawo da tsohuwar tuta.

Ni ɗan kasuwar yadi ne, shekarata ta ashirin da wani abu ke nan ina auna yadi a Kumasi. Shugaban makarantar da 'ya'yana biyu suka gama ne ya same ni a shago, ya ce suna son su rataya tutocin da ƙasar ta yi amfani da su a ɗakin taronsu don darasin tarihi. Ta yau ba wuya. Mai farin tsakiyar ce suka nema suka rasa. Ya ce, “Alhaji, ba hoto nake so ba, ina so yara su taɓa da hannu. Kuma don Allah kada a yi mana irin ta kasuwa.”

Na gane nufinsa, domin mu ne masu sayar da ta kasuwar. Yawancin tutocin da ke zuwa mana a dila daga Sin, awo ɗaya ake yanka su, ƙafa 3 da ƙafa 5, ko ta wace ƙasa ce. Alhali kowace tuta da nata tsarin. Ta Ghana biyu bisa uku ce: in faɗinta yadi ɗaya, inci 36, to tsawonta yadi ɗaya da rabi, inci 54. Ta dila kuwa inci 60 ce, an yi mata ƙarin inci 6. Ta Najeriya ɗaya bisa biyu ce, ya kamata ta kai inci 72, sai ka ga an rage mata 12. Ta Nijar an fi saninta da shida bisa bakwai, kusan murabba'i, amma a dila ita ma miƙe ta ake yi kamar 'yan uwanta. Ranar ƙwallo babu wanda zai tsaya auna wannan, ni ma ba na ƙin sayarwa. Amma abin da za a koyar da yara da shi, a ce musu ga yadda take, bai kamata a yi masa awon ganin dama ba.

Muka zauna da telana, dattijo ne Bazabarme da ya fi shekara talatin a kan keke. Muka tsayar da 36 da 54. Ratsi uku daidai wa daida, kowane inci 12. Wannan yaro ma zai lissafa.

Tauraron ne aiki. A yadda hukuma ke zana shi, tsininsa na sama yana taɓa bakin jan, tsini biyu na ƙasa suna zaune a bakin koren. Ke nan tsayinsa inci 12 cif, daidai da ratsin. To ga inda da yawa ke faɗawa: tauraro mai tsini biyar, cibiyarsa ba ta tsakiyar tsayinsa. Daga cibiya zuwa tsinin sama ya fi nisa a kan daga cibiya zuwa layin da ƙafafunsa biyu ke tsaye. In ka ninke tuta biyu ka ɗora cibiyar a kan ninkin, kansa zai shiga cikin ja, ƙafafunsa kuma su yi ta lilo ba su sauka a kore ba.

Ɗiyata ta uku, wadda ke sakandare, ita ta buga mana lissafin da akwatin lissafinta na makaranta, ni kuma na sake gwadawa da tef a kan kwali har sau uku. Ka ɗauki faɗin ratsin ka ninka da 0.553, abin da ya fito shi ne nisan cibiya zuwa kowane tsini. A namu ya ba da inci 6 da biyar bisa takwas. Saboda haka cibiyar tana inci 6 da biyar bisa takwas ƙasa da bakin jan, inci 5 da uku bisa takwas sama da bakin koren, sannan inci 27 daga kowane gefe. Da wannan nisa za ka zana da'ira, ko da zare da fensir da ƙusa ne. Ka sa ɗigo a can ƙolinta, ka bi da'irar kana sa ɗigo duk bayan digiri 72. In babu ma'aunin kusurwa, tazarar ɗigo da ɗigo a miƙe inci 7.8 ce. Ɗigo biyar za su fito. Sai ka ja layi daga kowane ɗigo zuwa na gaban maƙwabcinsa, kana tsallake ɗaya, har ka dawo inda ka fara. Tauraron da ya fito faɗinsa zai kai inci 12.6, ya ɗara tsayinsa kaɗan. In ka auna ka ga tsayi da faɗi ɗaya, akwai matsala a wani wuri.

Dattijon ya daɗe yana kallon kwalin. Ya ce, “Alhaji, ni fa tun da nake, da ido nake yanka tauraro.” Na ce masa, “Baba, idonka na da kyau, amma wannan karon mu bar wa yarinyar nan.” Ya yi dariya ya karɓi alli.

Batun yadi kuwa fagena ne. Tutocin wancan zamani na ulu ne ko auduga, ba sa ƙyalli. Roba-robar nan mai sheƙi da ake yi yanzu tana da arha kuma tana jure ruwa, amma da ka gan ta ka san ba 'yar 1964 ba ce. Na zaɓi auduga mai ɗan kauri. Auduga kuma halinta biyu: tana tsukewa a wankin farko, kuma ja yana zuba. A tuta mai ruwan zinare zubar ja kan ɓuya kaɗan, a kan fari kuwa babu rufin asiri. Don haka kowane launi muka wanke shi daban, jan har sai da ruwansa ya fita garau, muka shanya, muka goge, sannan almakashi ya taɓa shi. Wanda ya yanka kafin wanki, inci 12 ɗinsa ba zai tsaya 12 ba.

Mai saye ya duba faɗin bandir. In mai inci 60 ne, rabin yadi na kowane launi ya ishe ka, domin ratsin zai fito a kwance. In mai inci 45 ne ba zai kai 54 ba, dole ka bi tsawo, ka sayi fiye da yadi ɗaya da rabi, sauran ya zama na wasu tutocin. Kada ka yarda a yi maka haɗi a tsakiyar ratsi.

Wajen yanka, awon da na faɗa na tutar da aka gama ne, sai an ƙara na ɗinki. Fari mun yanka shi inci 13, rabin inci na haɗi sama da ƙasa. Ja da kore 13 da rabi kowanne, rabi na haɗi, ɗaya na kalmasa. Gefen da iska ke kaɗawa mun ninka shi sau biyu, don nan ne tuta ke fara yagewa. Aljihun da sanda ke shiga kuma ba ya cikin 54, daban ake ɗinka shi a liƙa. Tauraro biyu muka yanka, gaba da baya, muka sa musu sitaci saboda gefunansu a karkace suke da zaren yadi, suna miƙewa a ƙarƙashin keke. Dattijon ya ɗaga tutar a hasken rana ya daidaita na baya a kan inuwar na gaba kafin ya kafa allura.

Shugaban makarantar ya kuma nemi ƙanana na kan tebur, inci 6 da 9. Komai sai a raba shi shida: ratsi inci 2, daga cibiya zuwa tsini inci 1.1. Abin da ba ya rabuwa shi ne kaurin yadi da bakin ɗinki, shi ya sa a kan ƙananan muka yanka kwali a siffar tauraro muka shafa baƙin fenti maimakon ɗinki.

Akwai abin da na gindaya tun farko, kuma ina jan hankalin duk ɗan uwa da za a kawo wa irin wannan aiki. Wannan tuta ba ita ce ta ƙasa a yau ba, kuma launukanta na jam'iyya ne da har yanzu tana nan tana shiga zaɓe. Mu kuma da yawanmu baƙi ne, ko 'ya'yan baƙi. Dattawanmu ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar, 'yan Najeriya da 'yan Nijar masu yawa suka bar shaguna da gidaje. Ba na son wani ya wuce ya ga baƙuwar tuta a kan sanda a ƙofar makarantar zango ya ba ta fassarar da ba tamu ba. Na ce a cikin ɗaki za ta zauna, a jikin bango, ba a kan sanda ba, da rubutu a ƙarƙashinta mai nuna shekarunta, 1964 zuwa 1966. Ya amince.

Yanzu sun dawo da wata buƙata. Suna son tutar haɗin kan da Ghana da Gini suka ƙulla a 1958, mai baƙaƙen taurari biyu, wadda ta koma uku bayan shigowar Mali. Kwalin tauraron yana nan rataye a shagon dattijon, saura lissafin tazarar da za a bari tsakaninsu, kuma yarinyar ta ce sai ta gama jarrabawa.