A KOYA WA SHUGABANNIN BIRANENMU TSARIN SUFURI

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini don in yi tsokaci game da wata matsala da ke cin aljihun mutumin ƙauye da ɗan tireda, watau wahalar shiga da fita a manyan biranenmu, musamman birnin Kano.

Duk wanda ya taɓa kawo kaya birni ya san zancen. Manomi ya ɗora buhu uku a motar kasuwa, ta dire shi a tasha a bakin gari. Daga nan sai ya nemi mai baro ya kai shi bakin titi, ya yi cinikin a-daidaita-sahu, ita kuma ta tsaya nesa da ƙofar kasuwa don babu wurin sauke kaya, sai kuma ɗan dako. Hawa huɗu ke nan, biya huɗu. In kayan gwari ne, kafin ya isa 'Yankaba rana ta bugi tumatirin. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu‎ na 2023 kuwa, abin sai ya ƙara tsanani. Mai saye na kukan tsada, mai sayarwa na kukan ba riba, kuɗin duk sun tafi a hanya.

To ina gizo ke saƙar? Ni dai a ganina masu yanke shawara ne ba su koyi kallon sufuri a dunƙule ba. Ma'aikatar ayyuka ke yin titi. Hukumar tsara birni ke ba da izinin gini. KAROTA, wadda aka kafa a 2012, ke kula da zirga-zirga. Tashoshi da kasuwanni da dama na hannun ƙananan hukumomi, kuma birnin Kano da kewayensa ya ratsa ƙananan hukumomi takwas: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ga kuma ƙungiyar direbobi da ta masu a-daidaita-sahu. Kowa na aikinsa, amma wane ne aikinsa ya tabbatar buhun gero ya tashi daga Dawanau ya isa Kurmi da sauƙi?

Dubi yadda muka yi ta faɗi-tashi. A 2005 aka fito da a-daidaita-sahu. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka hana acaɓa ɗaukar fasinja. Dalilin tsaro ne, ba wanda ya musa, amma da yake ba a tanadi isassun manyan motocin safa ba, sai masu ƙafa uku suka cika gari. A ƙarshen Nuwamba 2022 aka ce an hana su bin wasu manyan tituna, jama'a suka koka, nan da nan aka janye. An yi gadojin sama, irin ta Ƙofar Nassarawa, sun kuma rage cunkoso a inda suke. Sai dai gada ba ta sauke wa talaka kuɗin mota. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa kullum sai matsala ta taso ake neman magani.

Ya Edita, tsarin sufuri ilimi ne da ake koyo, kamar aikin asibiti ko na gona. Ana fara shi da ƙidaya: mutum nawa ke tashi daga wace unguwa, ina suka nufa, da ƙarfe nawa, nawa suke biya. Sannan a tsara tasha, da hanyar safa, da gefen titi na masu tafiya a ƙasa da masu keke, da wurin lodi da sauke kaya a kasuwa, yadda kowanne zai miƙa wa ɗan'uwansa. Kafin a ba da filin sabuwar kasuwa ko sabuwar unguwa, sai an san motar da za ta kai mutane can.

Wasu sun gwada sun ga amfani. A birnin Kuritiba na ƙasar Brazil, magajin gari Jaime Lerner, wanda masanin zanen gine-gine ne, ya ware wa motocin safa hanyarsu ta kansu a 1974, daga baya aka haɗa layukan yadda fasinja zai canja mota a tasha ba tare da ya sake biya ba. Birnin Bogota na Kolombiya ya ɗauki darasi ya fara nasa a shekara ta 2000. Ba ma sai an ƙetare teku ba: jihar Legas ta yi dokar kafa hukuma guda mai tsara sufurin birni, LAMATA, a 2002, sannan a watan Maris na 2008 motocin safa masu hanyarsu daban suka fara aiki daga Mile 12 zuwa CMS, tafiyar kilomita 22. A 2023 suka ƙara da jirgin ƙasa daga Marina zuwa Mile 2. Har gobe Legas na fama da cunkoso, amma dai akwai ofis ɗaya da za a tambaya.

Wurin koyon ma ba nisa. A Zariya akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1986 don horar da ma'aikatan sufuri. Bankin Duniya ma ya shirya wa manyan jami'an birane kwas na 'yan kwanaki a kan wannan fanni, inda ake nazarin abin da ya faru a wasu birane.

Saboda haka ga kirana ga Gwamnatin Jiha da 'yan Majalisar Dokoki. Na farko, a tura masu sa hannu a takarda su yi kwas ɗin da kansu: kwamishinoni, manyan sakatarori da ciyamomin ƙananan hukumomi. In ƙaramin ma'aikaci aka tura, ya dawo da satifiket, wa zai saurare shi? Na biyu, a zaunar da su aji ɗaya da shugabannin direbobi da na 'yan kasuwa, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na uku, kada a ƙare a ɗakin taro na otal. A sa kowannensu ya bar motar ofis, ya bi buhu ɗaya daga kasuwar ƙauye har rumfar mai awo a birni, ya rubuta ko nawa aka kashe da awa nawa aka ɓata. Gani ya kori ji. Na huɗu, a riƙe ma'aikatan da aka horar a kan aikinsu ko da gwamnati ta canja, don tsarin birni ya fi wa'adin shekara huɗu.

Mu kuma 'yan'uwana manoma da 'yan tireda, in masu neman ƙuri'a suka zo da alkawarin titi, mu tambaye su: wace mota za ta bi titin, a ina za ta tsaya, nawa za mu biya? Wanda ya kasa amsawa, shi ne farkon wanda ya kamata a tura Zariya.

 

Naka mai karanta jaridarka kullum,
Wani ɗan tireda,
Kano.