Ruwan Sigarin Lantarki: A Karanta Lamba Kafin A Saya

A shekara ta 2003 ne wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, mai suna Hon Lik, ya ƙera sigarin lantarki irin wanda ake gani yau. Ba a ƙyasta masa ashana, ba ya barin toka. Batir ne ke ɗumama wani ruwa har ya zama tururi, mai sha ya zuƙa. A cikin wannan ruwa nikotin yake, wato sinadarin ganyen taba da ke kama mutum har ya kasa bari. Saboda haka wajibi ne mai saye ya san abin da ke cikin kwalba.

Nikotin ɗin iri biyu ne. Na farko shi ne tsantsa. Yana da kaifi, yana karce maƙogwaro, shi ya sa aka fi sayar da shi da ƙaramin ƙarfi, miligaram 3, ko 6, ko 12 a cikin kowace mililita. Na biyu ana kiransa gishirin nikotin. Ba gishirin miya ba ne. Nikotin ne aka haɗa da wani sinadari mai tsami don a kashe masa kaifi. Sigarin Juul, wanda ya fito a Amurka cikin 2015, shi ya yaɗa wannan iri, da ƙarfin da ya kai miligaram 59.

A nan haɗarin yake. Kaifin nikotin tsantsa gargaɗi ne: in ya yi yawa, tari ya tsai da mai sha. Gishirin kuwa yana wucewa sumul, sai mutum ya ɗauki mai yawa bai sani ba, har jiri da tashin zuciya da bugun ƙirji su same shi. An yi shi ne domin ƙananan na'urori. Zuba mai ƙarfinsa cikin babbar na'ura mai tururi da yawa ganganci ne.

To, yaya ake karanta lamba? Wasu kwalabe da miligaram ake rubuta musu, wasu da kashi cikin ɗari. Kashi 1 cikin 100 yana daidai da misalin miligaram 10. Ke nan kwalbar da aka rubuta wa 5% tana ɗauke da wajen miligaram 50, ba 5 ba. Dokar Tarayyar Turai ta 2014 ta ƙayyade kada ƙarfi ya wuce miligaram 20, kada kuma kwalba ta wuce mililita 10. Abin da ya zarce haka, ko a shagunan Faransa ba a yarda a sayar da shi ba.

A kuma guji ruwan da ba a san asalinsa ba. A Amurka, daga 2019 zuwa farkon 2020, fiye da mutum 2,800 suka kwanta asibiti da ciwon huhu, 68 suka rasu. Bincike ya nuna yawancinsu sun sha ruwan bayan fage ne mai sinadarin wiwi, wanda aka gauraya da wani mai na bitamin E.

Ga mai shan taba da ke son bari, hukumomin lafiya na Ingila suna ganin sigarin lantarki bai kai taba cutarwa ba, muddin an bar tabar gaba ɗaya. Ya nemi shawarar likita, ya zaɓi mafi ƙanƙantar ƙarfin da zai hana shi komawa ga kara, sa'an nan ya riƙa ragewa sannu a hankali. Ya ajiye kwalba a inuwa, nesa da hannun yara, domin ƙamshinta kamar na alewa ne, alhali kuwa guba ce ga yaron da ya kurɓa.

Amma wanda bai taɓa shan taba ba, da samari, da mata masu ciki, babu ruwan da ya dace da su. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sha yin gargaɗi cewa nikotin yana taɓa ƙwaƙwalwar matashi da ɗan da ke ciki. Rigakafi ya fi magani.