Shari'ar Cikin Littafi da Shari'ar da Ke Jiran Marubuci a Kantin Kwari

Bayan Azahar, lokacin da ciniki ke ɗan lafawa a Kantin Kwari, na taɓa tsayawa a wani shago inda yaron shagon ya ɗora wayarsa a kan tulin shadda, murya na fita ana karanta littafi. Labarin ya zo wurin da aka gurfanar da wani attajiri gaban kotu, lauyar marainiya ta miƙe za ta yi masa tambayoyi. Ɗan dako ya sauke dilarsa ya tsaya, maƙwabcin shago ya leƙo. Wata mata ta tambayi kuɗin leshi, yaron ya ce, "Hajiya, don Allah ɗan dakata kaɗan." Ita ma sai ta gyara tsayuwa tana saurare.

Duk mai bibiyar ƙagaggun labaran Hausa na 'yan shekarun nan ya san wannan fage. A da, labari kan ƙare da ɗaurin aure, ko mutuwa, ko nadamar mugu a gadon asibiti. Yanzu sau da yawa a gaban alƙali yake ƙarewa, jarumar ma barista ce.

Son jin shari'a tsoho ne a wurin Bahaushe. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam cike take da labaran da ake kai ƙara gaban sarki ko alƙali, ya warware da hikima. Sai dai kotun da ke cikin littattafan yau ba daga can ta fito ba, daga majigi ta fito. Waɗanda suka yi zamanin sinimar Plaza a Fagge da Eldorado a Sabon Gari sun sha kallon lauyan Indiya yana buga tebur yana daka tsawa. Fim ɗin Damini na 1993 ya isa misali: har yau ana tuna yadda Sunny Deol ya fusata kan ɗage shari'a da ake ta yi. Masu karanta Turanci kuwa sun samu John Grisham a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a Sabon Gari, lauyan jihar Mississippi ta Amurka da ya fitar da littafinsa na farko, A Time to Kill, a 1989.

Wannan shi ne dalili na farko na yawaitar kotu a labaran yau. Dalili na biyu na kasuwa ne. Littafin Hausa ya tashi daga takarda ya koma WhatsApp da Wattpad da YouTube, ana sakin sa kashi-kashi, mai karatu ya biya kafin ya ga ci gaba. Marubuciya na buƙatar kowane kashi ya tsaya inda rai zai biya, kotu kuwa kyauta take ba da wannan: alƙali ya ce an ɗage zama, shi ke nan mai karatu ya kwana da zulumi.

Na uku shi ne Kano da kanta ta zama mai bin shari'a. Shirin Inda Ranka na gidan rediyon Freedom ya daɗe yana kawo rahoton kotuna cikin gidaje da shaguna. A 2022 gari ya bi shari'ar kisan Hanifa, yarinya 'yar shekara biyar, zama bayan zama, har babbar kotun jiha ta yanke wa Abdulmalik Tanko hukuncin kisa a ƙarshen watan Yuli. A Disambar wannan shekarar kotun shari'ar Musulunci ta Ƙofar Kudu ta yanke hukunci a shari'ar Abduljabbar Nasiru Kabara. Marubuta cikin jama'a suke, abin da ake tattaunawa a majalisa shi ke shiga alƙalaminsu.

Irin wannan labari yana da ƙarfi, kuma ba na raina shi. Kotu ce kaɗai wurin da marubuci zai iya tsayar da mai kuɗi, ya sa bazawara ko marainiya ta yi masa tambaya, dole kuma ya amsa. A zaure ba za ta iya ɗaga ido ta dube shi ba. Tun Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu marubuta mata ke nuna matar da miji ya kora da 'ya'yanta, amma a wancan zamani sakayya daga ƙaddara take zuwa, ita matar haƙuri ne nata. Sabon salon ya ba ta baki. Wannan canji ne babba, kuma ina ganin amfaninsa: yarinyar da ba ta taɓa taka harabar kotu ba ta ji kalmar khul'i, ta ji cewa uwa tana da haƙƙin riƙon 'ya'yanta, ta ji cewa rabon gado yana da ƙa'ida, ba ra'ayin baffa ba ne. Shari'a kuma tana ladabtar da marubuci, domin abin da zai fito a matsayin hujja a babi na talatin dole a shuka shi tun babi na uku.

Inda rauni yake shi ne kotun aro ce. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Grisham yana gina labarinsa ne a kan mutum goma sha biyu da ake zaɓowa daga gari su yanke ko mutum ya yi laifi, don haka lauyansa yana da dalilin yin jawabi mai sa kuka. A kotunan Kano babu wannan tsari. Alƙali ne, yawanci da hannunsa yake rubuta abin da ake faɗa, lauya sai ya yi magana a hankali yana jiran alƙalami. A babbar kotu da Turanci ake yi, shaida ya faɗa da Hausa tafinta ya juya. Lauya ba ya sa baƙar riga da farar hular gashi gaban majistare ko alƙalin shari'ar Musulunci, sai a manyan kotuna. Majistare ba shi da hurumin yanke hukunci a shari'ar kisan kai. Wanda aka yanke wa hukuncin kisa yana da damar ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, kuma sai gwamna ya sa hannu. A littafi kuwa zama ɗaya ake yi, wani ya banko ƙofa da faifan bidiyo, mugu ya rushe da kuka ya amsa laifi, gobe a rataye shi.

Wani zai ce ai ƙagaggen labari ne. Haka ne, amma abin da aka zubar ya fi abin da aka ɗauko daɗi. Shari'ar Malikiyya da alƙalanmu ke bi, wadda suke karantawa a littattafan Tuhfa da Mukhtasar, tana da nata wuraren da zuciya ke bugawa. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Ana iya sukar shaida, a binciki adalcinsa. Akwai i'izari, tambayar ƙarshe da alƙali ke yi wa mutum kafin hukunci, ko yana da sauran abin da zai kawo. Na taɓa zama a wata kotu ana shari'ar bashi, aka ce wanda ake ƙara ya je ya yi alwala zai rantse. Ya fita, ya dawo ruwa na ɗiga daga gemunsa, aka miƙo Alƙur'ani. Ɗakin ya yi tsit. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce a ba shi wata biyu zai biya. Ban taɓa karanta tsawar lauya da ta kai wannan shirun ba.

Illar kotun aro ba ta tsaya a kan adabi ba, tana taɓa aljihu. Kasuwar Kwari a kan amana take tafiya. Ana ɗaukar kayan miliyoyi zuwa Maraɗi ko Agadas ko Njamena da magana ta baki, ko ɗan rubutu a littafin shago. Mai karatun da ya saba ganin gaskiya na bayyana da kanta a zaman ƙarshe yakan shiga kotu da yaƙinin cewa gaskiyarsa ta isa, sai a tambaye shi takarda ko shaidu biyu ya rasa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaida. Littafi ɗaya da zai nuna mai gaskiya ya faɗi a shari'a saboda bai rubuta ba zai yi wa 'yan kasuwa amfanin da huɗuba goma ba su yi ba. Haka nan ban ci karo da labarin da ya ambaci kotun ƙananan basussuka da Kano ta buɗe a 2019 don a gama shari'a cikin kwana 60 ba, ko sulhun da shugabannin kasuwa ke yi kullum kafin magana ta kai gaban hukuma.

Ga kuma labarai zube a bakin kasuwar. A 2023 gwamnatin jiha ta rushe shagunan da ke filin Masallacin Idi, masu shagunan suka kai ƙara Babbar Kotun Tarayya, ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. A cikin wannan akwai wanda ya sayar da gida ya sayi shago, akwai yaron shagon da ya wayi gari babu aiki, akwai lauyan gwamnati da wataƙila ɗan'uwansa na cikin masu ƙara. Akwai kuma shari'ar uban gida da yaronsa na shekara ashirin, ranar da aka zo lissafi aka ga giɓi, alhali 'yar uban gidan ce matar yaron. Babu kisa a ciki, amma mai karatu ba zai ajiye ba.

Marubutanmu, kotunan majistare na Nomansland da kotun shari'ar Musulunci ta Fagge ba su da nisa da Kwari, kuma zaman kotu a buɗe yake ga kowa, ba a biyan ko sisi. Kafin ku rubuta babin shari'a na gaba, ku ɗauki littafin rubutu ku je ku zauna a bencin baya na mako biyu.