Dogon Zama a Jirgin Sama da Gudan Jini

A zamanin kakanninmu, mai zuwa Makka ƙasa yake bi, a ƙafa ko bisa jaki ko raƙumi. Yakan yi watanni, wani ma shekaru, kafin ya kai. Yanzu kuwa sai mutum ya shiga jirgin sama a Kano, cikin awa huɗu zuwa biyar ya sauka Jidda. Sauƙi ya samu. Amma akwai wani ciwo da dogon zama ke kawowa. Ya kamata mu san shi, ko mu ne za mu tafi, ko wani namu za mu raka.

Dukanmu mun ga jinin dabbar da aka yanka. In ya zuba ya tsaya wuri ɗaya, sai ya daskare ya zama guda. Haka jinin mutum yake. Daskarewar nan tana da amfani, domin ita ce ke rufe bakin rauni. Amma in jini ya daskare a cikin jijiya, to, ya zama cuta.

Ga yadda abin yake. Zuciya tana tura jini har zuwa yatsun ƙafa. Daga can kuwa dole ya hau sama ya komo. Me ke taimakonsa ya hau? Naman sharaɓa ne. Duk lokacin da muka taka ƙasa, naman nan yana matsa jijiyoyi, kamar yadda yaron maƙeri ke matsa zugazugi. In muka zauna awa da awa, gwiwa a lanƙwashe, ƙafa ba motsi, sai jini ya riƙa tafiya a hankali, har wani ya kwanta ya zama guda.

In gudan ya tsaya a ƙafa, ƙafar takan kumbura ta yi ciwo. Babban haɗari shi ne ya ɓalle. Sai jini ya ɗauke shi, ya ratsa ta zuciya, ya je ya toshe jijiyar huhu. Wannan yakan kashe mutum farat ɗaya.

Likitoci sun daɗe da gane haka. A shekarar 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen birnin Landan suna kwana a maɓoya saboda bama-baman Jamus. Waɗansu a zaune kan kujera suke kwana. Wani likita, Keith Simpson, ya lura masu mutuwa da gudan jini a huhu sun ƙaru a cikinsu. A 1954 kuma wani likitan Amurka, John Homans, ya ba da labarin mutumin da ya sami guda a ƙafa bayan tafiyar awa 14 a jirgin sama.

A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman tafiya na awa huɗu ko fiye yana ninka haɗarin nan sau biyu. Amma kada mu firgita. Hukumar ta ce wajen mutum 1 ne cikin 6,000 abin ke samu. Kuma ba jirgin sama kaɗai ba, har mota da jirgin ƙasa. Mu tuna alhaji yakan yi zaman jira kafin jirgi ya tashi, sa'an nan tsakanin Makka da Madina akwai fiye da kilomita 400.

Waɗanda suka fi bukatar lura su ne tsofaffi, da masu ƙiba ƙwarai, da mai ciki, da mai jego wadda ba ta daɗe da haihuwa ba. Haka kuma wanda aka yi wa aiki a asibiti kwanan nan, da mai ciwon daji, da mai sikila, da macen da ke shan ƙwayar ba da tazarar haihuwa, da wanda ya taɓa samun gudan jini. Irin waɗannan su ga likita tun kafin ranar tafiya. Watakila ya ba su wata safa mai matse ƙafa, ko magani.

Me za mu yi a cikin jirgi?

1. Mu riƙa motsa ƙafa muna zaune. Mu ɗaga dunduniya mu sauke, mu ɗaga yatsu mu sauke, kamar tela yana taka keken ɗinki.
2. Bayan kowace awa ɗaya ko biyu mu tashi mu ɗan taka, in ma'aikatan jirgi sun ba da izini. Ba abin kunya ba ne.
3. Mu sha ruwa. Waɗansu sukan ƙi sha don kada fitsari ya tashe su. Kuskure ne. Tashin nan ma magani ne.
4. Kada mu cika gaban ƙafarmu da kaya, kada mu ɗora ƙafa ɗaya bisa ɗaya.
5. Mu sa tufafi masu yalwa. Kada mu sha maganin barci.

Ciwon ba dole ne ya nuna a cikin jirgi ba. Yakan fito bayan kwanaki, ko makonni, mutum yana gida ana zuwa yi masa barka da sauka. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura ta fi 'yar'uwarta, tana zafi, tana ciwo, kada a ce gajiya ce. Kada a yi tausa, kada a kira wanzami ya yi ƙaho. A kai shi asibiti a ranar, a gaya wa likita ya yi doguwar tafiya. In kuwa numfashi ya yi wuya, ko ƙirji na suka, ko yana tarin jini, to, ba a jiran gari ya waye. Akwai maganin da ke hana gudan girma, amma sai an je da wuri. Rigakafi dai ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ke taimakon jini ya hau daga ƙafa zuwa zuciya?
2. Su wane ne ya kamata su ga likita kafin tafiya?
3. Me za mu yi in ƙafar matafiyi ɗaya ta kumbura?