Bindigar harbin barewa a Amurka: kowace jaha da ma'auninta

A ƙasar Amurka, in manoma suka gama girbin masara da waken soya, sanyi ya fara shigowa cikin watan Nuwamba, sai maharba su ɗauko bindigoginsu. Lokacin farautar barewa ke nan. Amma ba a fita haka nan kawai. Kafin maharbi ya taka daji, sai ya sayi takardar izini, ya san ranar buɗe farauta da ranar rufewa, ya kuma san irin bindigar da dokar jaharsa ta yarda da ita. Ƙasar tana da jahohi 50, kuma kowace ita ke tsara dokar farautarta. Bindigar da ta halatta a wannan jaha, in ka tsallaka iyaka da ita sai ta zama laifi.

Dabbar da muke magana a kanta mun kira ta barewa don babu sunan da ya fi kusa, amma ta bambanta da tamu. Ta fi girma. Namiji yakan kai kilo 100, wani ya wuce. Ƙahonsa yana da rassa kamar icce, kuma yana zubewa kowace shekara, wani ya sake fitowa. Ƙarƙashin wutsiyarta fari ne, shi take ɗagawa in ta tsorata.

Wajen shekarar 1900 barewar nan ta kusa ƙarewa. Masu harbi don kasuwa sun yi mata ɓarna, an kuma sare dazuka an yi gonaki. Waɗanda suka rage a ƙasar duka ba su wuce 500,000 ba. A jahohin Ohayo da Indiyana ma ta ɓace ƙaf. Sai aka tashi tsaye. Aka hana sayar da naman daji, aka ƙayyade lokacin farauta. A 1937 aka yi dokar da ta ce harajin da ake karɓa a kan bindiga da harsashi a zuba shi wajen kula da namun daji. Barewa kuwa mai saurin yaɗuwa ce, ta kan haifi tagwaye. Yau ana ƙiyasta sun kai miliyan 30, ko da yake maharba na kashe kusan miliyan 6 kowace shekara. Abin da aka yi kukan rashinsa, shi ne yanzu manomi ke kuka da shi. Tana shiga gona ta cinye masara da wake, tana cin ƙananan itatuwa, tana tsallaka hanya da dare motoci su yi karo da ita.

Mene ne ma'aunin bindiga?

Ma'aunin nan faɗin cikin bututun bindiga ne, wato kaurin harsashin da ke bi ta ciki. Amurkawa da inci suke awo. Inci ɗaya santimita 2 da rabi ne da ɗan ɗoriya. In suka rubuta .22, suna nufin kashi 22 cikin 100 na inci, wato milimita 5 da rabi. In suka rubuta .30, milimita 7 da rabi ke nan. Mai lamba .357 milimita 9 ne, mai lamba .50 kuma ya kusa milimita 13, kamar kaurin ƙaramin yatsa.

Abu biyu hukumomi ke gudu, kuma biyun suna jan juna kamar igiya. Na farko, kar harsashi ya yi ƙanƙanta. Ƙaramin harsashi yakan ji wa barewa ciwo bai kashe ta ba. Ta ruga da rauni, ta je ta mutu a cikin kurmi bayan kwana biyu ko uku. Dabba ta sha wuya, nama ya ruɓe, maharbi ya koma gida hannu rabbana. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Shi ya sa jahar Bajiniya ta ce kar a harbi barewa da abin da bai kai .23 ba. Kolorado ta ce sai .24 zuwa sama, ta ƙara da sharaɗin nauyin harsashi da ƙarfin bugunsa. Teksas, wadda ta fi kowace jaha yawan wannan barewa, ba ta yanka lamba ba. Ta dai hana ɗan ƙaramin harsashin nan da ake harbin zomo da kurege da shi.

Na biyu, kar harsashi ya yi nisan tafiya. A nan ne maganar ta fi yawa.

Jahohin da ke shimfiɗe

A tsakiyar Amurka akwai jahohi irin su Ohayo, Indiyana, Ilinoi da Ayowa, da kudancin Mishigan. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, gona na bin gona, gidajen manoma da garken shanu a warwatse ko'ina. Babu dutse ko tudun da zai tare harsashi. Babbar bindiga mai dogon zango, irin mai lamba .30-06, in aka ɗaga bakinta sama, harsashinta yakan yi tafiyar fiye da kilomita 4. Maharbi ba ya ganin inda zai faɗa. Don haka shekara da shekaru waɗannan jahohi sun hana amfani da ita. Suka ce a yi harbi da bindigar tsuntsaye, a sa mata dunƙulen dalma guda ɗaya mai kauri, ko kuwa da bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, ƴar uwar bindigar toka.

Maharba ba su ji daɗin wannan ba. Dunƙulen dalma ba ya tafiya daidai in nisa ya yi yawa. Bindigar kuma tana da mugun shuri a kafaɗa, har yaro ko tsoho ya ji tsoronta. Ga maharba suna raguwa, ga barewa tana ƙaruwa. Sai aka nemi hanyar tsakiya, aka same ta a jikin kwanson harsashi.

Kwanso iri biyu ne. Akwai mai wuya kamar kwalba: ciki babba, baki ƙarami. Yana ɗaukar albarushi mai yawa, yana jefa siririn harsashi da sauri ƙwarai, ya yi nisa. Akwai kuma miƙaƙƙe kamar guntun kara, faɗinsa ɗaya daga gindi har baki. Harsashinsa kakkaura ne mai nauyi. Yana bugu da ƙarfi a kusa, amma bayan mita 200 ya fara sunkuyawa ƙasa. A 2014 Ohayo ta halatta bindiga mai miƙaƙƙen kwanso, daga baya ta tsayar da ma'auni daga .357 zuwa .50, kuma kar a sa harsashi fiye da 3 a cikinta. A wannan shekara Mishigan ta yi irin haka a kudancinta, ta ce daga .35 zuwa sama, tsawon kwanso kuma tsakanin santimita 3 da 4 da rabi. Ayowa ta biyo baya a 2017. Ilinoi ta jira har ranar 1 ga Janairu 2023, ta kuma ce sai bindigar da ke ɗaukar harsashi ɗaya tak.

Masu ƙera makamai ba su yi barci ba. A 2019 kamfanin Winchester ya fito da sabon harsashi mai suna .350 Legend, wanda aka auna shi daidai da waɗannan dokoki. Doka ta riga, maƙeri ya bi sawunta.

Amma shin bindigar tsuntsaye ta fi aminci da gaske? Jahar Fensilbaniya ta sa an bincika, aka fitar da sakamako a 2007. Abin da aka gano ya ba mutane mamaki. In aka ɗaga baki sama, babbar bindiga ce ta fi nisa, babu shakka. In kuwa aka yi harbi a miƙe, daidai tsayin ƙugu, kamar yadda ake harbin barewa, dunƙulen dalma yakan bugi ƙasa ya yi tsalle ya ci gaba, har ya wuce inda harsashin babbar bindiga ke tsayawa. Shi wancan in ya bugi ƙasa yakan yi saurin rasa ƙarfinsa. Gani ya kori ji. A 2013 Wiskonsin ta buɗe wa babbar bindiga jahar duka, Indiyana kuma a 2016 ta yarda da wasu manyan lambobi a cikin filin da ke da mai shi. A ganinmu wannan bincike bai rushe dalilin dokar ba. Ya dai nuna cewa lambar da ke jikin bututu ba ta isa ta tsare maƙwabci ba, in maharbi bai dubi abin da ke bayan dabbar ba kafin ya ja kunama.

Dalma a cikin nama

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Ana ta gardamar nisan harsashi, ashe wani haɗarin yana cikin tukunya. Yawancin harsashi da dalma ake yin sa. Mai sauri in ya shiga jikin dabba yakan tarwatse, ƴan ƙananan ɓarɓashi su bazu cikin tsoka, nesa da wurin raunin. Ido ba ya ganinsu, haƙori ba ya jin su.

A Amurka maharba sukan ba da naman barewa sadaka ga gidajen da ke ciyar da mabukata. A 2008, a Dakota ta Arewa da Minesota, aka sa irin wannan nama a na'urar hoton ƙashi, sai ga ɓarɓashin dalma a cikin ƙullin nama da yawa, musamman wanda aka niƙa. Aka janye naman. Aka auna jinin mutane fiye da 700 a Dakota ta Arewa, aka ga masu cin naman farauta sun ɗan fi sauran dalma a jini. Hukumar lafiya ta jahar ta ba da shawara cewa mace mai ciki da yaron da bai kai shekara 6 ba kar su ci naman da aka harba da dalma.

Mu a nan ba sai an gaya mana aikin dalma ba. Mun ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara fiye da 400. Abin da ke cikin nama bai kai kusa da wannan yawa ba, amma gubar ɗaya ce. Tana taruwa a jiki a hankali, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa kaifin fahimta. Dafuwa ba ta kashe ta. Duk wanda ya samu naman da aka harba da bindiga, ko zabon daji ne ko zomo, ya yanke wurin raunin da faɗi ya zubar, kar ya bar wa yara.

Ba mutum kaɗai ke cutuwa ba. Maharbi yakan fede barewa a daji ya bar kayan ciki. Ungulu da gaggafa su sauka su ci, su haɗiye dalma. A Kalifoniya akwai wata babbar ungulu da ake kira kwando, wadda a 1982 guda 22 kawai suka rage a duniya, kuma dalma na cikin manyan abubuwan da ke kashe ta. Tun ranar 1 ga Yuli 2019 jahar ta hana kowace irin farauta da harsashin dalma. Maharban can da na jan ƙarfe suke fita. Ya fi tsada, amma ba ya rugurgujewa cikin nama kamar na dalma.